Mahaucin da Ya Ƙi Yanke Ƙafa

A shekarar da za a rufe tsohon gidan wasan garinmu na bakin kogin Dunav don gyara, da kaka ne, kowane tsakar gida ana gasa tattasai, ƙanshin ya kama har tufafin jikin mutum. A lokacin ne masu talbijin suka zo daga Sofiya, babban birni, da ƙatuwar motarsu da tulin wayoyi, wai za su ɗauki rawar bale, wadda ake yi a kan yatsun ƙafa, ta tsohon malamin rawarmu Maestro Evlogi a kaset kafin a kwashe kayan dandamali.

Cikinsu akwai wani dogon saurayi, Tihomir, ana ce masa Tisho. Ɗan ƙauye ne, uwarsa awaki take kiwo, kuma duk abin da ya taɓa ɗauka da kyamara bai wuce ƙwallon ƙafa da taron 'yan siyasa ba.

Ran da suka iso, mai ɗaukar sauti ya ce wani bugu yana damunsa daga bayan dandamali, aka tura Tisho ya duba. Ya tarar da wata yarinya zaune a kan matakala, gashi a ɗaure tsaf a ƙeya, tana riƙe da sabon takalmin rawa fil, tana maka shi da siminti kamar mai kashe kyankyaso.

"Baiwar Allah, me takalmin nan ya yi miki?"

Ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce masa sabon takalmi ƙara yake a kan katako, sai an dake shi yake yin shiru, in kuwa suna so su ɗauki sautin goge ba na kofaton doki ba, to ya bar ta ta gama. Sannan ta dube shi tun daga sama, idonta ya tsaya a ƙafarsa.

"Kuma ka cire takalman nan masu laka kafin ka hau mana katako."

Ya cire. Ashe safarsa a huje take, babban yatsa ya leƙo waje. Ta yi ta maza ta danne dariya, ta kasa. Don ta wanke kanta sai ta gutsuro rabin banitsar da ke cikin takarda a gefenta, gasasshiyar wainar fulawar nan tamu, da ɗuminta da cukunta, ta miƙa masa. Ita ce Zornitsa, 'yar Maestro tilo. Rabin banitsar nan ku riƙe shi a ranku, ba a cin na mutum a manta.

Rawar da za a ɗauka sunanta 'Yar Mai Fito. Maestro da kansa ya tsara ta tun yana da baƙin gashi, ya tsara ta ne saboda matarsa Raina, uwar Zornitsa, wadda ta rasu yarinyar tana ƙarama. Labarin wata budurwa ce mai jiran masoyinta ya tsallako kogi. Kogin shuɗin ƙyalle ne, ƙarti a ɓoye gefe da gefe suna kaɗa shi, kwalekwalen kuma a kan taya yake da igiya. Amma in ka zauna a tsakiyar zaure aka rage fitila, rantsuwa za ka yi ruwa ne. Mu da muka girma da shi mun san inda fentin itacen ya kware, duk da haka kuka muke yi duk shekara.

Gwajin farko aka ba Tisho kyamarar tsakiya, can baya, daidai hancin dandamali. Da Zornitsa ta fito a kan yatsunta, sai yaro ya manta da duniya. Ya zuƙo fuskarta ta cika hoto, ya bi ta da ita har kiɗa ya ƙare. A ransa ya yi gwaninta.

Maestro ya zo da sandarsa ya tsaya gaban ƙaramin talbijin, aka kunna masa. Ya kalla har ƙarshe.

"Ina ƙafafun?"

Tisho ya fara bayani, wai fuska ce take taɓa zuciyar mai kallo.

"Tun tana tatata nake gina ƙafar nan, kai ka zo ka sare ta a wuya. Na roƙi mai hoto, sun turo min mahauci."

Kafin yamma har mai shara Mahauci take ce masa.

Zornitsa ce ta gaya masa dalili, da suka fita bakin kogi suna cin soyayyen kifi a takarda. Sau ɗaya tak aka taɓa ɗaukar uwarta tana wannan rawa, wani mai hoto ne a zamanin da, kuma daga ƙugu zuwa sama ya ɗauka. Akwai wani wuri a ƙarshe inda budurwar take juyi a kan ƙafa ɗaya, juyi bayan juyi, don murnar hango kwalekwale. A tsohon hoton kai kawai ake gani yana walainiya. Ta ce ubanta ya kalla sau ɗaya, ya sa a akwati, bai sake ba.

Tisho ya ce ta koya masa kallo.

Ta kuwa koya masa. Ta nuna masa yadda ubanta yake jera 'yan matan baya sahu-sahu su zama igiyar ruwa, wanda in ka tsaya a gefe taron 'yan mata kawai za ka gani, sai daga tsakiya suke zama kogi. Ta ce ya riƙa barin fili a saman hoto kafin tsalle, don kada hannu ya fice. Ta sa ya haddace kiɗan har ya san inda za ta ɗaga kafin ta ɗaga. Shi kuma ya koya mata yin fito da yatsu biyu a baki, abin da Maestro ya ji sau ɗaya ya kusa haɗiye harshensa.

A zamanin wayoyin nan ne masu maɓalli, kowane harafi sai ka danna ka sake dannawa. Duk da haka ba sa gajiya. Da safe ya rubuta mata:

"Tauraruwata, kin tashi lafiya? Jiya na ɗauke ki tun daga yatsan hannu har yatsan ƙafa, ko farce ban yanke ba. Na sayi sabuwar safa."

Ta amsa:

"Mahaucina, ka kyauta. Amma ka ajiye tsohuwar, ita ta fara yi maka magana a wajena. Ka ci abinci kafin ka zo, jiya cikinka ya fi ganga ƙara."

Da abin ya yi nisa, Tisho ya yi abin da ɗan mutunci yake yi. Ya sa farar riga, ya ɗauki kwalbar rakiya, barasar 'ya'yan itacen lambun uwarsa, da furanni, ya ƙwanƙwasa ƙofar Maestro.

Tsohon ya karɓe shi a tsaye. Ya ce masa shekarun mai rawa gajeru ne kamar ranar hunturu, kuma an riga an yi magana da wani gidan rawa a Jamus: bayan sabuwar shekara Zornitsa za ta tafi tare da Svetlozar, abokin rawarta, wanda ya san nauyinta a hannunsa tun suna makaranta, kuma wanda shi Maestro ba zai ƙi ya zama surukinsa ba.

Zornitsa ta fito daga kicin da tawul a hannu, ta dubi ubanta.

"Tatko, ni aka tambaya ko takalmina?"

Ya ce ta koma ciki. Furannin ya bari a kan tebur don ba laifinsu ba ne, kwalbar kuwa ya miƙa wa Tisho ya ce ya gai da mahaifiyarsa. A wajenmu a dawo maka da rakiyar gidanku ba ƙaramin abu ba ne. Tisho ya sauko matakala da ita a hammata, kunnuwansa kamar tattasan da aka gasa.

Daga ranar sunan Svetlozar ya zauna masa a ƙirji. Mutumin kuwa kyakkyawa ne, ga kafaɗa, ga tsalle kamar an ɗaure shi da igiya daga sama. Wata rana da tsakar rana Tisho ya zauna a cikin motar aiki yana duba abin da kyamarar gefe ta ɗauka, wurin da masoyin yake ɗaga budurwar ya sauke ta a hankali. Ya ga yadda Zornitsa take kallon Svetlozar, ido ya yi laushi, leɓɓanta suna motsi tana raɗa masa wani abu. Ya mayar baya ya sake kallo. Ya sake. Wanda ya saba da ƙwallo, in ya ga mutum ya faɗi a hoto to ya faɗi, bai san akwai inda fuska take aikinta daban ba.

Ta aiko masa: "Mahaucina, ina ka shige? Na ajiye maka tuffa."

Ya amsa: "Aiki ya yi yawa. Ki ba wanda yake kusa."

Dama daraktan masu talbijin, ubangidan Tisho, ya daɗe yana so a ɗauke kyamarar tsakiya a kai ta barandar gefe, wai ta fi kusa da fuska, Tisho ne yake ta ja da shi. Ranar gwajin ƙarshe, ana gobe za a ɗauka gaban jama'a, sai ya ce ya yarda. Da kansa ya ciccibi kayan ya hau da su. Bai gaya wa kowa ba. Shi dai ba ya son ya tsaya inda za ta gan shi.

Komai ya tafi daidai har aka zo juyin ƙarshe. Zornitsa ta hau kan yatsu ta fara. Tisho ya ga kanta yana neman wani abu a cikin duhun zaure. Ta fara gangarowa gefe, ƙafar ta kauce, ta tafi luu za ta faɗa ramin da makaɗa suke zama a gaban dandamali. Svetlozar ne ya yi tsalle ya cafe ta, amma gwiwarta ta riga ta bugi katako. Kiɗa ya tsaya. Sandar Maestro ta faɗi daga hannunsa.

Tisho yana saukowa daga baranda ya yi kiciɓis da Svetlozar a lungu, gumi yana zuba, fenti ya dame a fuskarsa. Svetlozar ya cakumi rigar Tisho.

"Kai ka ɗauke kyamarar nan?"

Ya ce shi ne.

Svetlozar ya yi masa bayani yana huci. Mai juyi ba ya barin idonsa ya bi jikinsa. Abu ɗaya yake kafa wa ido, duk zagayowa ya dawo kansa, in ba haka ba jiri ya kwashe shi. Tun zamanin Raina akwai wata 'yar jar fitila a bangon baya don wannan, daraktansu ya sa aka kashe ta ranar farko wai tana ɓata masa hoto. Zornitsa ba ta kai ƙara ba saboda ta sami wata: 'yar jar fitilar da take kunne a goshin kyamarar Tisho.

"Makonni ke nan kai take kallo, sakarai, kai kaɗai ne ba ka sani ba."

Tisho ya tambaye shi to me take raɗa masa in ya ɗaga ta.

Svetlozar ya sake shi, ya yi wata dariya marar daɗi. Ya ce cewa take yi ya ci tafarnuwa, ko kuma hannunsa yana murɗe mata haƙarƙari. Ya ce shi ya nemi aurenta tun bara ta ce a'a, ya sake nema ta sake cewa a'a, saboda haka in Tisho zai yi kishi ya nemi wanda ya samu.

Mutum ya gaya wa abokin takararsa gaskiya irin wannan, alheri ne mai nauyi. Tisho ya san ya ɗauka, kuma ya sauke daga baya, za ku ji.

Ya same ta a ɗakin shiri, ƙafa cikin bokitin ruwan sanyi, ƙanƙara a kan gwiwa. Ta kalle shi ta madubi ta kau da kai. Ya durƙusa a gaban bokitin, dogon mutum har ƙasa.

"Zori, na gusa daga inda kika ajiye ni."

"Na juyo ban gan ka ba, Tisho. Ba faɗuwar ce ta ba ni tsoro ba."

Ya ce mata ya ga wani kallo a hoto ne ya haukace. Ta ce wannan kallon ubanta ne ya koya mata a gaban madubi, tana iya yi wa tukunyar miya ma. Wanda take yi wa jar fitila kuwa babu wanda ya koya mata.

Ya sa hannu cikin ruwan ya riƙe ƙafar, duk kanta da tabon takalmi, ya ce ko gini ne zai rushe gobe a tsakiya za ta same shi. Ta ce ya saki ƙafarta yana mata cakulkuli, kuma tuffar nan ta ba mai gadi, shi Tisho ya sha haushi.

Darakta bai yi wuyar juyawa ba. Tisho ya kunna masa abin da aka ɗauka daga baranda: ga ƙartin da suke kaɗa kogi ɓaro-ɓaro, ɗaya har da sigari a bayan kunne, ga igiyar kwalekwale. Kyamara ta koma tsakiya.

Washegari garin gaba ɗaya ya zo. Tsofaffi sun ciro rigunan da suke warin akwati, don kowa ya san ba zai sake ganin kogin ƙyallen nan ba. Gwiwar Zornitsa an naɗe ta a ƙarƙashin safa. Aka ɗaga labule.

Da aka zo juyin, muryar darakta ta shigo abin kunnen Tisho: ya zuƙo fuska. Tisho bai motsa ba. Darakta ya sake faɗa, da zagi. Ya ce in bai zuƙo ba kada ya sake shiga motarsa. Tisho ya zare abin kunnen ya rataye a wuya. A cikin hotonsa ga ta nan cif, daga bakin takalmi har yatsan hannu, ga kogi a bayanta, ga 'yan mata sahu-sahu. Duk zagayowa idonta sai ya sauka a kansa, ya tafi, ya dawo. Ba ta gusa ko taƙi ɗaya ba har makaɗa suka kai ƙarshe, zaure ya ɗauka da tafi.

Aiki kam ya rasa shi. Motar Sofiya ta tafi ba shi. Ya kama ɗaki a bayan kasuwa yana ɗaukar bukukuwan aure da na baftisma. Amma da suka zauna haɗa hoton, ba su sami wani abin kirki na juyin ba sai nasa, dole suka sa shi. Darakta bai taɓa cewa na gode ba, har yau, kuma muna sane.

Da dusar ƙanƙara ta fara sauka, mai ɗaukar sauti ya aiko masa da kaset ɗin. Tisho ya sake sa farar rigar, ya ɗauki kaset a hannu ɗaya, kwalbar nan da aka dawo masa da ita a ɗayan. Wannan karon ya bar kwalbar a bakin ƙofa, ya ce kaset kawai ya kawo.

Maestro ya zauna a kujerarsa, Zornitsa a tsaye bayansa. Ya kalla yana gunaguni, wance ta makara, wane ya sauka da nauyi. Da aka zo juyin sai ya ce a mayar baya. Aka mayar. Ya matso da kujera har hancinsa ya kusa taɓa gilashi, yana bin ƙafar da ɗan yatsa.

"Haka take yi," ya ce a hankali. "Haka Raina take yi. Ga ƙafar nan."

Ya daɗe yana neman hankici a aljihun da babu. Sannan, ba tare da ya juyo ba, ya tambaya ko Mahauci hannu biyu ya zo gidan mutane. Tisho ya ce akwai wata kwalba a waje tana jin sanyi.

"Shigo da ita. Zori, yanko mana cuku."

Da suka kurɓa, tsohon ya ce sharaɗinsa ɗaya ne, 'yarsa ba za ta bar rawa ba. Zornitsa ta ce dama ba ta ce za ta bari ba, Jamus ce kawai ba ta so, a nan za ta jira a buɗe gidan da uwarta ta yi rawa. Tisho ya ce shi aikinsa ya tsaya a tsakiya.

An ɗaura auren da bazara, lokacin da itatuwan lipa suka yi fure garin ya cika da ƙamshi. Svetlozar ya dawo daga Jamus musamman, don Tisho ya ce babu wanda zai tsaya masa babban abokin ango a coci sai shi. A gaban limamin, inda ango da amarya suke rige-rigen taka ƙafar juna don a san mai mulkin gida, Tisho ko ɗaga tasa bai gama yi ba ya ji nata a kai. Wa ya aike shi takara da mai rawa?

A ƙofar gidan biki aka ajiye 'yar tukunyar tagulla da ruwa da furanni, fari da ja, amarya ta shura a ga abin da za a fara haifa: in fari ya fi nisa mace, in ja ne namiji. Zornitsa ta ɗage farar rigarta ta ɗaga ƙafa, sai muryar Maestro daga cikin jama'a: "Miƙe yatsun!" Ta kuwa miƙe. Tukunya ta tashi ta tsallake kan surukarta ta faɗa cikin lambu, har yau ana gardamar furen da ya fi nisa. Ango kuma yana ta yi wa abokinsa mai ɗaukar bikin nuni da hannu ya ja baya, kada ya yanke ƙafa.

Uwar Tisho ta zo daga ƙauye da faranti guda na banitsa, faɗinsa kamar tayar mota, ta dire a gaban amarya ta ce ɗanta ya ce akwai rabin da ya ci tun kaka. Zornitsa ta ce ta karɓa, amma safar nan mai huji tana wajenta, ba za ta mayar ba.

Maestro bai taɓa janye sunan Mahauci ba. Da shi ya kira shi har ya koma ga Allah, sai dai a shekarun ƙarshe yakan ce Mahaucinmu.

Gidan wasan an gyara shi, ya yi kyau, ba ya warin ƙura da ƙaro kamar da. Kogin ƙyallen an yanka an yi tsumma. Amma duk sabuwar shekara akan sa kaset ɗin a gidansu, jikokin Maestro su zauna a ƙasa. In an zo juyin, ƙaramar takan ce mama ita take kallo. Zornitsa ta dubi mijinta, wanda yanzu furfura ta cinye masa kai, ta ce eh, ke nake kallo.

Allah ya bar su tare, ya raya abin da suka haifa, ya jiƙan Raina da Evlogi.